Darasi Na Tara: Zama Da Yaro A Kan Karatun Hausa

Da yawa daga cikinmu a wannan aji mun zo ne da gemu ko da goyo, muka fara riƙe fensir bayan shekaru sun ja. Mun san zafin a miƙo wa mutum takarda ya yi ta juya ta yana neman mai karanta masa. To yanzu da hannu ya fara faɗawa, akwai wanda ya fi kowa cancantar ya ci moriyar abin da muka samu, shi ne yaron gida da ke aji ɗaya ko aji biyu na firamare. Ajinsu a cike yake maƙil, malami ɗaya ba zai iya bin kowa ya ji bakinsa ba. Ke da ke gida, ko kai da ka dawo daga kasuwa ko gona, kuna da abin da malamin ba shi da shi: minti goma sha biyar tare da yaro ɗaya tak.

Kayan aikin ba na saye ba ne. Gawayi ko alli, guntun kwali da za a yanka ƙanana a rubuta harafi ɗaya a kan kowane, sai tsakar gida mai ƙasa inda yaro zai zana da yatsa ya share da tafin hannu.

A fara da sauti

Yaro zai dawo daga makaranta yana rera "ei, bi, si, di", iyaye su yi ta murna. Waƙar ba laifi ba ce, amma sunayen haruffan Turanci ne, kuma su ne ke fara rikita shi idan ya zo karatun Hausa. Harafin e, a waƙar ana kiransa "i". Harafin i kuma ana kiransa "ai". Sai ka ce wa yaro ya rubuta ido, ya fara da e, ka ɗauka ba ya ganewa, alhali abin da aka koya masa ya bi. Haka c, wanda ya haddace da "si", ga shi kuwa a Hausa shi ne farkon cokali da ciki da cinya. Don haka a zamanku na gida kada ku tambaye shi sunan harafi. Ku tambaye shi, "Wannan me yake cewa?"

Wanda ya yi makarantar allo ya san hanyar nan. Ana fara wa yaro da babbaƙu, sannan farfaru, inda ake ɗora wasali a kan baƙi ya sami murya. Boko ma haka ne. Wasulan Hausa biyar ne: a, e, i, o, u. Idan baƙi ya haɗu da wasali sun ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma.

Kada ku jira sai ya san dukan haruffa kafin ya karanta kalma. Ku ba shi wasalin a da baƙaƙe huɗu kawai: n, m, k, s. Ya haɗa na, ma, ka, sa. Daga waɗannan huɗun kaɗai zai karanta nama, kaka, masa, sama, kama, nasa. Ranar da ya jera gaɓa biyu ya ji bakinsa ya ce "nama" da kansa, ku dubi fuskarsa. Bayan kwana biyu ko uku ku ƙara u, ga kunu, suna, kuka. Ku ƙara i, ga Sani da mini.

Ga yadda zaman kan kasance:

"Umma, wannan ku ne."
"Madalla, 'yata. Na gabansa fa?"
"Na."
"Sake dubawa. Wane wasali ne a jikinsa?"
"U ne. Nu. Ku, nu. Umma, kunu!"

Ku lura uwar ba ta faɗa mata amsar ba, kuma ba ta yi mata tsawa ba. Ta mayar da idonta kan wasalin ne kawai. Ni dai ban taɓa ganin bulala ta sa yaro ya gane gaɓa ba. Abin da take sa shi shi ne ya haddace shafi ya rera yana kallon sama, in aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya yi shiru.

Idan kalma ta yi tsawo, a tafa ta. Ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Tam-ba-ya, tafi uku. Tafin ne zai nuna masa inda baƙi ke zuwa biyu a jere: ba-ba daban, bab-ba daban, ku-na daban, kun-na daban. Hannu da kunne duk n biyu ne.

Baƙaƙe masu ƙugiya

A nan ya kamata ku daɗe, domin a nan manya ma suke tuntuɓe. Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Ƙugiyar nan ba ado ba ce, ita ke raba ma'ana. Ku rubuta waɗannan a kwali, ku riƙa faɗin ɗaya yaro yana ɗaga wanda ya ji:

baki da baƙi, kafa da ƙafa, kusa da ƙusa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, daka da ɗaka.

Kunnensa ya riga ya san bambancin tun yana goye. Ba yaron Bahaushe da zai ce an yi baki a gidansu yana nufin mutane sun zo. Aikinku shi ne hannunsa ya bi kunnensa. Wayar hannu ta yi mana ɓarna a nan, saboda mutane da yawa suna tura saƙo babu ƙugiya, yara na gani suna ɗauka haka ake yi. Ku nuna masa jimlar nan biyu: "Ya ba ta kuɗi" da "Ya ɓata kuɗi". Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya suka raba mai kyauta da maɓarnaci.

Akwai kuma haruffa biyu da ke ba da sauti ɗaya, irin su sh a shanu, ts a tsuntsu, kw a kwano, gy a gyaɗa, ƙw a ƙwai. A rubuta su a kwali guda, kada a raba. Su kuwa p, q, v, x na Turanci ne, a bar su sai lokacinsu ya zo.

Wata rana zai tambaye ku me ya sa garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Ku gaya masa gaskiya: rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya, jimla ce ke fayyacewa. "Baba ya shiga gari." "Inna ta tankaɗe gari."

Shifta da raba kalmomi

Kowane zama ya ƙare da shifta: kalmomi biyar daga cikin waɗanda ya karanta a ranar, da jimla ɗaya gajera. Ku faɗa sau biyu a hankali, ya maimaita da baki, sannan ya rubuta. In ya yi kuskure, ku rubuta daidai a gefe ya nemo bambancin da kansa. Jimla tana farawa da babban baƙi, ta ƙare da aya, in tambaya ce a sa alamar tambaya.

Wurin raba kalmomi, ku riƙe ƙa'ida kaɗan tukuna. Ana rubuta ya zo, ta ce, sun tafi, shi ne, ita ce, duk a rabe. Ana rubuta yana, tana, suna, gidansa, rigarta, a haɗe. Jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, "ta fi" a rabe, domin fifiko ake nufi. Da an haɗe ya zama tafi, da an kori gaskiyar ke nan.

Nahawun da ke bakinsa

Ba sai kun ce masa "wakilin suna" ko "aikatau" ba, malaminsa zai kai shi can. Ku yi wasan ne da ce. Ku nuna abu ya faɗa: tulu ne, tabarma ce, rago ne, akuya ce. Daga nan ku sa mai shi: tulun Ladi, tabarmar Audu. Da kansa zai gano cewa mai ne yana ɗaukar n, mai ce tana ɗaukar r. Yawancin kalmomin da suka ƙare da a mata ne, amma ku jefa masa gida, ruwa, nama, ku ji ko zai ce gidar. Idan abubuwa suka yi yawa kuma, duk su koma ne: akuya ce, awaki ne.

Kowane yanki da karin harshensa. Wani yaro a gida yana jin rigas Sani, a takarda kuma rigar Sani ake so. Baki yana cewa gidam Bala, hannu yana rubuta gidan Bala. Kada ku ce masa maganar gidansu ba daidai ba ce. Ku ce haka muke faɗa, haka kuma ake rubutawa don na Sakkwato da na Kano da na Damagaram su karanta abu ɗaya.

Aikin wannan mako

Ku yanka kwali, ku rubuta a, i, u, n, m, k, s. Ku zauna da yaro kullum minti goma sha biyar a lokacin da ba ya jin yunwa ko barci. Duk kalmar da ya haɗa da kansa ku rubuta ta a bayan littafinku da kwanan wata. A zama mai zuwa kowa ya zo da jerin nasa, tare da kalma ɗaya da ta gagari yaronsa, mu duba ta tare a allo.