Shawara ga malaman da za su tafi koyar da Faransanci a Najeriya

'Yan uwa malamai na Tahoua, duk wanda wata makarantar kuɗi ta Sakkwato ko Kano ta kira domin ya koyar da Faransanci, ya daidaita maganar albashi a rubuce tun kafin ya kama hanyar Konni da Illela. Dalili kuwa shi ne, sefa a ɗaure take da yuro, a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, alhali darajar naira hawa da sauka take yi, ta yadda albashin da ka ga yana da auki ranar da ka sa hannu zai iya ƙanƙancewa sa'ad da ka canza shi domin aika wa iyali. Saboda haka ka nemi a rubuta cewa za a riƙa duba albashin kowace shekara, kuma ka roƙi makarantar ta ba ka masauki, domin a can galibi kuɗin hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya, abin da ba mu saba da shi ba a nan.

Ka fassara takardun shaidar karatunka zuwa Ingilishi, hukuma ta buga musu hatimi, sannan ka riƙe katin allurar shawara. Makarantunsu a watan Satumba suke buɗewa, kada ka jira Oktoba.