Darasi na 7: Tsohuwar motar da aka sa wa injekta, yau ta tashi gobe ta ƙi

To 'yan'uwa, a darasin da ya wuce mun koyi karanta lambobin mitar awon wuta, yau kuma za mu fita da ita bakin mota. Kowa ya riƙe littafinsa da biro, don rabin aikin yau rubutu ne.

Da yawanmu a nan Jidda da Makka tsofaffin motoci muke lallaɓawa, ko Land Cruiser ko Patrol ko tsohuwar GMC ɗin nan da Larabawa ke ce wa Jims, kuma mutane sun gaji da kabireta, sai a cire ta a ɗora injekta ta sayowa, wadda a sana'iyya, wato unguwar makanikai, za ka ji ana ce mata bakhakh. Kabireta ba ruwanta da wuta, iska ce ke zuƙo mata mai. Ita kuwa injekta tana da ƙaramar kwamfuta, birenbos kenan, kuma ba ta fesa ko ɗigon mai sai ta samu wuta isasshiya, ta ga alamar cewa inji na juyawa, sannan famfo ya turo mai da ƙarfi. In ɗaya ya yi rauni ko na daƙiƙa guda ne mota ba za ta tashi ba, anjima kuma ya dawo daidai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Shi ya sa in ka kai ta gareji sai ta ba ka kunya, kik ɗaya ta kama, makaniki ya ce ai ƙalau take.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Kawuna yana da Land Cruiser ƙirar 1984, mai injin 2F, silinda 6, lita 4.2, da ita yake ɗaukar kaya. Bayan an sa mata injekta sai ta fara wannan hali. An canza batir, an canza famfon mai wanda a nan ake ce wa turumba, an canza fulogi duka shida, riyal ya tafi ba kaɗan ba kuma dattijon nan kuɗin cefane yake taɓawa, abin ya dame ni ƙwarai. Wata rana bayan Asuba ta ƙi tashi ina wurin, sai na ce, Kawu don Allah ku murɗa mukulli, ni zan kalli allo. Allon shi ne ɗan abin nan kamar wayar hannu da ke zuwa tare da injekta, yana nuna lambobi. Ya buɗe mukulli allo ya kawo haske, famfo ya yi zuuu, yana murɗawa zuwa kik sai allon ya ɗauke ɗif, yana saki ya dawo. Na ce Kawu ku sake. Haka dai, har sau uku.

Ashe wanda ya yi haɗin ya jawo wayar kunna birenbos ne daga wayar rediyo. A mukullin mota kuwa da gangan ake yanke wutar rediyo lokacin kik, don duk ƙarfin batir ya tafi wajen juya inji. Wato daidai lokacin da inji ke neman mai, birenbos a kashe take. Za ku ce to me ya sa wani lokaci take tashi? Saboda in ka buɗe mukulli injekta kan fesa ɗan mai kaɗan na share fage, kwayil kuma, wato abin da ke ba fulogi wuta, nasa layin daban ne, to in inji da ɗuminsa wannan ɗan man ya ishe shi ya kama, Kawu ya saki mukulli da sauri, birenbos ta farfaɗo ta ci gaba da aiki. Da sanyin safiya kuwa ɗan man bai isa ba. Rile guda ɗaya, wato ɗan makunnin da wuta ke kunna shi, wanda ake kira katawut a nan, da waya da ba ta kai kamu uku ba suka gama maganar, muka ɗauko daga layin da ke da wuta a buɗe mukulli da kuma lokacin kik. A kula, wasu tsofaffin motoci suna da rizisto a hanyar kwayil mai rage wuta zuwa ƙasa da bolt 12, kar a ɗauki wutar birenbos daga bayansa.

Saboda haka abu na farko, ranar da ta ƙi kar ka yi ta kik har batir ya mutu, samu wani ya murɗa kai ka zuba wa allo ido. In bai ɗauke ba, dubi lambar batir. Cikakken batir a kwance bolt 12.6 yake nunawa, in ka ga 12.2 to ya kai rabi. Lokacin kik zai sauka, amma in ya gangara ƙasa da 10 birenbos na iya rikicewa alhali kik ɗin, wato silf, yana ta juyawa kamar ba komai, wannan ke ruɗin mutane su ce ai batir da ƙarfinsa. Ku mutanen Jidda ku duba kan batir da kyau, laimar Bahar Maliya tana sa farin gari ko kore ya taru a kai, a kwance a goge sai ƙarfe ya yi ƙyalli a ɗaure tamau. Manyan wayoyin birenbos guda biyu, ja da baƙa, kan batir kai tsaye ake ɗaure su, kar a maƙala baƙar a jikin bodi mai fenti da tsatsa. A duba kuma kaurin wayar nan da ta haɗa inji da bodi, ta shekara 40 tana shan zafi, sau da yawa rabin silinta ya tsinke a ciki.

Sai lambar RPM, wato yawan juyawar inji a minti ɗaya. Lokacin kik dole ka ga lamba, kamar 150 ko 200. In inji na juyawa allo na nuna 0, birenbos ba ta san ana kik ba. Bi siririyar wayar da ta fito daga kwayil ko distiributa mai raba wa fulogi wuta, girgiza ta, kuma kar ta kwanta kusa da wayoyin fulogi don wutarsu na shiga ta ɓata saƙon.

Yanzu maganar mai, kuma nan ne zafin ƙasar nan ke shigowa. Da psi ake auna ƙarfin matsin mai, kabireta psi 4 zuwa 7 ya ishe ta, amma injekta irin su Holley Sniper da FiTech kusan psi 58 suke so, wasu kuma 43, ka duba takardar taka. In motarka da safe tana tashi, amma ka taso daga Jidda ka isa Makka da azahar a watan zafi, zafin gari ya haura digiri 45, ka tsaya minti 20 ka dawo ta ƙi, to ka zargi mai. Fetur na tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Famfon lantarki gwanin turawa ne amma rago ne wajen zuƙowa, don haka wurinsa cikin tanki, ko ƙasa-ƙasa dab da tanki, nesa da salansa. Buɗe mukulli ka kasa kunne, zuuu mai santsi na 'yan daƙiƙu lafiya ne, ƙara mai kaushi kamar ana niƙa yana nufin famfo na shan iska, shiru kuma ka tafi wajen fiyus da rile. Tsohon tanki cike yake da tsatsa, sai an sa filta biyu, mai manyan ƙofofi na maikuron 100 (maikuron awon girman ƙofar filta ne) kafin famfo, mai ƙanana na maikuron 10 bayansa. In ka kwance murfin tanki ka ji ya zuƙi iska fuuu, hanyar numfashin tankin ta toshe. Don Allah kafin ka kwance bututun mai ka cire fiyus ɗin famfo ka sauke matsin, ka rufe da tsumma, inji ya huce, ba taba ba ashana, psi 58 yana feso fetur har fuska.

Na'urar jin zafin ruwa ma tana yin ƙarya. Da safe kafin kik dubi allo, ya kamata zafin ruwa ya yi kusa da zafin gari, in ana 30 ka ga 30 ko kusa. In ka ga -40 wayarta ta katse, birenbos za ta ɗauka ana tsananin sanyi ta kwarara mai har fulogi ya jiƙe, za ka ji warin fetur. A yawancinsu in ka take totur har ƙasa kana kik injekta na daina fesawa inji ya bushe, amma wayar nan sai an gyara ta.

Aikin gida: ka ja layi huɗu a shafi guda. Duk ranar da mota ta ƙi, rubuta ƙarfe nawa ne, inji da zafi ko da sanyi, mai nawa ne a tanki, da lambobin da allo ya nuna lokacin kik. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya ɗauki hoton allon da waya, mu rubuta tare a aji ranar Asabar in Allah ya kai mu.