Neman aiki a Jidda kana kan maganin ƙwaƙwalwa: abin da muka koya ni da ƙanena

Bayan rasuwar mahaifinmu ciwon damuwa ya kwantar da ƙanena shekara biyu cur. Da ya samu sauƙi, wani kamfanin dakon kaya a nan Jidda ya kira shi ganawa. Ana cikin magana aka tambaye shi ina ya shiga shekara biyu. Shi da zuciya ɗaya ya ce yana ganin likitan ƙwaƙwalwa ne. Mutumin ya rufe fayil, ya ce za su kira shi. Shiru kake ji. Da ya dawo gida ya ce min, "Yaya, ni kam na bar shan maganin nan." Wallahi maganar ta fi rashin aikin tayar min da hankali.

Don haka da ita zan fara: kada ka ajiye maganinka saboda neman aiki. Yanke shi lokaci guda kan dawo da ciwon, wani lokaci fiye da da. In yana sa ka barci da safe, likita za ka gaya wa ya sauya maka lokacin sha.

Tambayar zaman da ka yi ba aiki kuwa, shirya amsarta tun daga gida. "Na yi jinya, na warware, a shirye nake" ta isa, kuma ba ƙarya a ciki. Daga nan ka karkata zancen zuwa abin da ka iya. Mai ganawa da kai ba likita ba ne, bai da hurumin jin sunan ciwonka. Mu kanmu a unguwa da an ji "asibitin ƙwaƙwalwa" sai a ce mahaukaci, ko a ce aljanu ne, balle baƙon da ya san ka minti goma. Alhali binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 34 cikin ɗari na Saudiyawa sun taɓa fama da irin wannan lalura.

Wajen gwajin lafiya dai kada ka ɓoye komai. Wasu magungunan barci da na fargaba suna fitowa a gwajin fitsari, a ɗauke ka ɗan ƙwaya. Tafi da takardar maganin, da rahoton likitanka mai cewa kana iya aiki. Roƙe shi ya taƙaita, kada ya zuba tarihinka duka.

Doka fa? Sashe na 3 na dokar ƙwadago ya hana nuna bambanci wajen ɗauka aiki saboda jinsi ko naƙasa ko shekaru, amma 'yan ƙasa ya ambata, mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, sai mu san inda muka tsaya. Sashe na 117 kuwa bai ware baƙo ba: hutun jinya kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 babu albashi, a shekara guda. Sashe na 82 ya hana korar ma'aikaci saboda ciwo kafin ya cinye hutun nan. Masu aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban ne.

In an faɗa maka ƙiri-ƙiri cewa ciwonka ne dalili, adana saƙon, rubuta ranar, ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911. In kuma ƙin ɗaukar ya fara taɓa zuciyarka, 920033360 layin shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ne, 937 na ma'aikatar lafiya.

Ƙanena yanzu yana lissafin kaya a wani sito. Duk tsawon watannin gwajin aiki a ranar hutunsa yake zuwa ganin likita, sai da aka tabbatar da shi ya gaya wa shugabansa yana da ganin likita sau ɗaya a wata. Ni ke ajiye shi a ƙofar asibitin.