Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen maganin wanke fim ɗin baƙi da fari

Duk wanda ya fara wanke fim da hannunsa, ba ya daɗewa sai ka ji yana tambaya: wane magani ne zai ba ni hoto sumul, babu tsaki-tsakin nan? Kuskure na farko yana cikin tambayar. Tsakin da kake gani ƙwayoyin azurfa ne da suka dunƙule, kuma tun daga masana'anta aka yanke girmansu. Fim mai saurin kama haske, irin su Tri-X da HP5 Plus masu ISO 400 (ISO lambar saurin kama hasken fim ce), ƙwayoyinsa manya ne. Na Pan F Plus mai ISO 50, da T-Max 100, da Delta 100, ƙanana ne. Magani yana ragewa kaɗan ko ya ƙara kaɗan, amma ba zai mai da HP5 ya koma Pan F ba. In laushi kake so, fara daga fim. In kuma kana da kyamarar da ke cin fim 120, dodon hoto mai santimita 6 da 6 ya fi na 35 mm girma nesa ba kusa ba, don haka ba sai ka faɗaɗa shi sosai ba, tsakin kuma ba zai fito fili ba.

Sai masu sayen Rodinal saboda yana da araha. Magani ne mai daraja, kamfanin Agfa na Jamus ya fito da shi tun 1891, kwalba ɗaya tana shekaru ba ta lalace ba, kuma ɗan kaɗan ake ɗiba a sirka 1+25 ko 1+50, wato kashi 1 na magani da kashi 25 ko 50 na ruwa. Sai dai aikinsa fito da kaifi ne, ba ɓoye tsaki ba. Ka wanke Tri-X na 35 mm da shi, ka duba wurin da sararin sama yake a hoton, za ka ga tsakin ƙuru-ƙuru. Wasu don haka ma suke sonsa. Amma wanda ke neman fuskar amarya ta fito lumui, ya ajiye shi sai ranar da ya ɗauki fim mai ISO 50 ko 100.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sirki, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimta. D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927, da takwaransa ID-11 na Ilford, suna ɗauke da gram 100 na sinadarin sodiyam salfayit a kowace lita. Wannan sinadarin yana ɗan narkar da gefen ƙwayoyin yayin wanki, shi ya sa suke fitowa da laushi. To da zarar ka sirka maganin 1+1, ka raba ƙarfin salfayit biyu; ka kai shi 1+3, saura kwata. Hoton zai ƙara kaifi, tsakin kuma zai ƙara bayyana. Sai ka ga mutum ya tsinka D-76 don ya yi auki, sannan ya dawo yana cewa maganin bai da kyau. Gyaran mai sauƙi ne: in laushi ne a gabanka, yi amfani da shi ba sirki. In kana son tsaka-tsaki, 1+1, ka zubar bayan wanki ɗaya. Ni a ganina 1+1 ya ishi yawancin aiki, domin hoto mai ɗan tsaki da kaifi ya fi daɗin kallo a kan mai laushi wanda layukansa suka dushe.

Akwai magungunan da aka yi takanas don laushi, kamar Perceptol na Ilford. Suna cika alkawari, amma da farashi: suna rage wa fim ƙarfin kama haske, wani lokaci har kusan rabi. Wanda ya ɗauki HP5 a kan 400 ya wanke da Perceptol ba sirki, zai tarar inuwar hotonsa ta zama baƙi ƙirin, ba zaren riga, ba gashin kai. Tun kafin ka danna kyamara za ka yanke shawara, ka saita ma'aunin haske a kan 250 ko 200. In ba ka son wannan asarar, Xtol ya fi dacewa. Kodak ta fito da shi a 1996, da sinadarin bitamin C aka haɗa shi, yana ba da laushi ba tare da ya ci ƙarfin fim ba. Aibinsa guda: yana iya mutuwa shiru, launinsa bai sauya ba. Kafin ka zuba shi kan fim mai muhimmanci, yanki ɗan bakin fim ɗin da ya riga ya sha haske, ka tsoma a ƙaramin kofi. In bai yi baƙi cikin 'yan mintuna ba, zubar da maganin. A raba shi cikin ƙananan kwalabe, a cika kowace har wuya, don iska ce ke kashe shi. Haka ma D-76: wata 6 a cikakkiyar kwalba, wata 2 in ta yi rabi. Kada kuma a raba garin maganin a ce za a dama rabi yau, rabi gobe, saboda sinadaran ba su gauraya daidai a cikin leda ba.

Mu da ke ƙasar zafi muna da wata matsalar da takardar magani ba ta cika damuwa da ita ba. Lokutan da aka rubuta yawanci na digiri 20 ne. A bazara, ruwan tankin da ya wuni a rana a Kano ko Maraɗi yakan haura 30. Wankin da ya kamata ya ci minti 10 a digiri 20, kusan minti 7 yake so a 24. In ba ka rage ba, fim ya wanku fiye da kima: wurare masu haske su toshe, tsaki ya kumbura, sai a ɗora wa magani laifi. Nemi ma'aunin zafi, ka jera kwalaben magani da na fiksa (maganin da ke tabbatar da hoto bayan wanki) da ruwan ɗauraya cikin roba ɗaya da 'yar ƙanƙara, har su daidaita. Daidaituwar nan tana da muhimmanci, domin fim ɗin da ya fito daga ruwa mai ɗumi ya faɗa mai sanyi ƙalau, fatarsa tana iya yamutsewa, ta yi wasu ƙananan tsage-tsage da mutane ke ɗauka tsaki ne. Kada kuma lokacin wanki ya yi ƙasa da minti 5, don ba ya kamawa bai ɗaya. A irin wannan yanayi sirkin 1+1 yana da amfani, tunda yana tsawaita lokacin.

Girgiza tankin wanke fim ba ji ba gani ita ma tana ƙara wanki. Daƙiƙa 10 a kowane minti ta isa.

Na ƙarshe shi ne tsalle daga wannan magani zuwa wancan, kowane nadin fim da sabon gwaji. Da haka ba za ka taɓa gane abin da ya gyara ko ya ɓata ba. Zaɓi fim ɗaya da magani ɗaya, misali FP4 Plus da ID-11, ka sami littafi kana rubuta sirki da zafin ruwa da mintuna. In dodon ya yi kauri, rage lokaci da kashi 10 cikin 100 a wanki na gaba. In inuwa ta yi fayau babu komai a cikinta, haske ne bai ishi fim ba tun wajen ɗauka, sai a gyara a kyamara.