Darasi na Tara: Neman Direbobin da Suka Dace da Tsohuwar Kwamfuta Bayan An Sake Ɗora Mata Windows

A darasin da ya gabata an nuna yadda ake goge kwamfuta a sake ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato Windows. Wannan darasi ya shafi abin da kan biyo baya. Sau da yawa kwamfutar takan tashi lafiya lau, amma sai a ga babu sauti, alamar Wi-Fi ta ɓace daga gefen agogo, rubutu ya yi ƙato-ƙato a allo, firinta kuma ta ƙi amsawa. Mai ita yakan ɗauka cewa ta lalace, ko ma ya zargi injiniyan da ya yi masa aikin da cire mata wani abu. Galibi ba haka ba ne. Kayan cikinta suna nan lafiyarsu ƙalau, direbobinsu ne suka tafi tare da tsohuwar Windows ɗin da aka goge.

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tsaye tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfuta: katin Wi-Fi, katin sauti, katin hoto, kyamara, da wurin shafa yatsa da ke gaban madannai. Aikinsa irin na tafinta ne a kasuwar Mile 12, inda mai albasa daga Arewa da mai saye Bayarabiya ba za su daidaita ba sai an sami wanda ke jin harshen kowannensu. Kowane sashe da nasa direban, kuma direban da aka yi wa Windows iri ɗaya ba lallai ne ya yi aiki a wani irin ba.

Matsalar ta fi tsanani a wurinmu domin yawancin laftof ɗin da ke hannun 'yan aji tokumbo ne, waɗanda aka saya a Computer Village ta Ikeja ko a kasuwar Alaba. Irin su Dell Latitude E6420, HP EliteBook 8460p da Lenovo ThinkPad T420 sun fito ne a 2011, an kuma ƙera su domin Windows 7. Faifan direbobin da suka zo da shi ya daɗe da ɓacewa a hannun mai su na farko.

Kafin a goge

Rabin aikin ana yin sa ne tun tsohuwar Windows tana raye, domin a lokacin ne kwamfutar ke iya faɗin sunan duk abin da ke cikinta. Ku fara da rubuta cikakken sunanta a takarda. Ku danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin R, ku rubuta msinfo32 a akwatin da ya fito, sannan ku duba layin da aka rubuta System Model. A ƙasansa akwai System Type: idan kun ga x64, injin yana ɗaukar Windows mai bit 64. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin direba mai bit 32 ba ya hawa kan Windows mai bit 64, haka nan akasinsa. Windows mai bit 32 kuma ba ta iya amfani da ram da ya wuce gigabait 4, saboda haka wanda ke da gigabait 8 ya ɗora ta ya yi asarar rabin abin da ya biya kuɗinsa.

Sai ku kife laftof ɗin ku duba takardar da ke manne a ƙasansa, ko a cikin ramin batir. Kamfanin Dell yana sa lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai da ake kira Service Tag. HP da Lenovo suna sa lambar samfuri da lambar siriyal. Ku ɗauki hoton takardar da wayarku, domin gogayya da zafin injin kan cinye rubutun.

Idan kwamfutar tana kan Windows 8.1 ko Windows 10, akwai hanyar kwashe direbobinta gaba ɗaya zuwa filashi. Ku buɗe sabuwar folda a cikin filashin ku sa mata suna Direbobi, ku buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da ikon mai kula, wato ta zaɓin Run as administrator, sannan ku rubuta wannan layi daidai yadda yake:

dism /online /export-driver /destination:E:\Direbobi

Harafin E a nan shi ne harafin filashin, idan naku F ne sai ku canza. A Windows 7 wannan umarni ba ya aiki, sai dai a kwafe foldar FileRepository da ke cikin C:\Windows\System32\DriverStore, ko da yake tana da nauyi. Wanda ya kasa yin duk wannan, to kada ya goge kwamfutarsa sai ya ajiye direban Wi-Fi ko na ramin da ake sa igiyar intanet a filashi, domin da shi ne za a sauke sauran.

Idan za ku kai aikin shago ne, ku yi maganar tun kafin a taɓa komai. Ya isa ku ce: “Oga, don Allah a kwashe mini direbobin a wannan filashin kafin a yi fomatin.” Injiniyan da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Tambayi kayan da kansa

Ga inda mutane da yawa ke ɓata rana guda da data mai yawa. Sunan da ke jikin murfi ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Kamfani yakan fitar da samfuri guda da katin Wi-Fi iri daban-daban: Latitude E6420 wani da katin Intel ya zo, wani kuma da katin Broadcom wanda Dell ta sa wa sunanta. Ban da wannan, laftof ɗin tokumbo ya ratsa hannuwa kafin ya iso gare ku, kuma a shagon gyara akan cire sashe daga mataccen inji a sa wa mai rai. Saboda haka idan kun buɗe shafin kamfani kun tarar da direbobin Wi-Fi huɗu ko biyar a ƙarƙashin suna ɗaya, ba za ku san naku ba sai kun tambayi katin da kansa.

Kowane sashe yana ɗauke da lambar shaida da aka dasa masa tun daga masana'anta, kuma yana faɗin ta ko da ba shi da direba. Ku danna tambarin Windows da R, ku rubuta devmgmt.msc, sai Device Manager ta buɗe da jerin kayan kwamfutar. Duk wanda ba shi da direba za ku gan shi da ɗan tuta ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai, galibi a ƙarƙashin Other devices, da sunaye marasa bayani irin su Network Controller, PCI Device ko Unknown device. Ku danna sunan sau biyu, ku shiga Details, sannan a jerin da ke saukowa ku zaɓi Hardware Ids. Za ku ga layi mai kama da wannan:

PCI\VEN_14E4&DEV_4727

Alƙaluma huɗun da ke bayan VEN su ne lambar kamfanin da ya ƙera sashen, huɗun da ke bayan DEV kuma su ne lambar sashen kansa. A wannan misali 14E4 Broadcom ce, 4727 kuma katin Wi-Fi ne mai suna BCM4313, wanda Dell ke kira Wireless 1501. Wanda ya sauke direban Intel saboda ya ga tambarin Intel a gefen madannai zai yi ta ɗorawa har dare ba tare da Wi-Fi ta fito ba, alhali da wannan layi guda ya san abin da zai nema.

Lambobin kamfanonin da za ku riƙa cin karo da su ba su da yawa, kuma ya kamata ku haddace su ko ku rubuta a bangon littafinku. 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 10DE Nvidia, 1002 kuma AMD. Kayan da ke bi ta USB, kamar kyamara da Bluetooth, suna amfani da VID da PID a maimakon VEN da DEV, amma karatun ɗaya ne. Akwai kuma masu farawa da ACPI, waɗanda yawanci ƙananan na'urori ne na kamfanin da ya haɗa laftof ɗin. A injinan Dell, alal misali, SMO8800 na'ura ce da ke jin faɗuwar laftof ta kare faifan ajiya. Rashin direbanta ba zai hana ku aiki ba, don haka ba ita za a fara bi ba.

Ku kwafe layin a hankali, domin sifili da harafin O suna kama a ido, haka nan 8 da B. Ku sani cewa harafin da ke cikin waɗannan lambobi huɗu ba ya wuce F, saboda haka duk abin da ya yi kama da O sifili ne.

Inda ake samo direba

Wuri na farko shi ne Windows Update, sashen Windows da ke sauke sabuntawa daga intanet. Windows 10 tana zuwa da direbobi masu yawa, tana kuma sauke wasu da kanta da zarar ta sami intanet. Idan Wi-Fi ba ta aiki, ku haɗa wayarku ta Android da kwamfutar ta igiyar caja mai ɗaukar bayanai, ku kunna USB tethering a saitin wayar. Galibi Windows takan gane ta ba tare da ƙarin direba ba. Ku tanadi data isasshiya, domin sabuntawar farko tana cin gigabait.

Wuri na biyu shi ne shafin tallafi na kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, inda za ku sa lambar da kuka ɗauki hotonta. Na uku shi ne shafin wanda ya ƙera sashen, kamar Intel ko Nvidia. Na huɗu shi ne Microsoft Update Catalog, wanda ake iya bincikawa da lambar VEN da DEV kai tsaye.

Idan kun rubuta sunan direba a Google, shafukan da kan fito a sama da manyan maɓallan saukewa kore ba na kamfani ba ne. Da yawansu suna ba da manhajar da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, wadda kan shigo da tallace-tallace, wani lokaci da abin da ya fi talla muni, ta kuma nemi kuɗi a ƙarshe. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ko ake ajiye lissafin shago a cikinta, bai kamata a ɗora mata abin da ba a san asalinsa ba.

Yadda ake ɗorawa

Ku fara da direban chipset, domin shi ne ke gabatar wa Windows da hanyoyin da sauran kayan ke bi. Sai na intanet, sai na hoto, sai na sauti, sannan ƙananan. Ku riƙa sake kunna kwamfutar duk lokacin da ta nema, kuma ku ɗora ɗaya bayan ɗaya domin idan wani ya kawo matsala ku san wane ne. Idan a ƙarƙashin Display adapters kun ga Microsoft Basic Display Adapter, to direban hoto na gaskiya bai hau ba tukuna, shi ya sa hasken allo ba ya raguwa kuma bidiyo ke tsinkewa.

Direbobin da kuka kwashe a filashi ba su da maɓallin ɗorawa. A cikin Device Manager, ku danna maɓallin dama na linzami a kan sashen mai tuta, ku zaɓi Update driver, sannan Browse my computer, ku nuna foldar Direbobi, ku tabbata an sa alama a Include subfolders. Windows za ta binciki fayilolin da sunansu ya ƙare da .inf ta ɗauki wanda lambarsa ta dace. Idan sabon direba ya ɓata abin da da yake aiki, a shafin Driver akwai Roll Back Driver mai mayar da na baya.

A shafin kamfani za ku ga fayil ɗin sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da injin kafin Windows ta hau, a cikin jerin. Wannan ba direba ba ne, kuma ku bar shi sai da dalili mai ƙarfi. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, batirin laftof ɗin kuma ya mutu kamar yadda na tokumbo da yawa suke, injin na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Idan kamfani bai yi direban sabuwar Windows ba

Wannan yakan faru da injinan 2011 da na kafin nan, inda jerin ke tsayawa a Windows 7 ko 8. Sau da yawa direban Windows 7 ko 8.1 yana aiki a Windows 10 muddin bit ɗinsu ɗaya. Idan manhajar ɗorawar ta ƙi buɗewa, ku shiga Properties ɗinta, ku zaɓi Compatibility, ku sa ta a kan Windows 7, ko kuma ku warware fayil ɗin da 7-Zip, manhajar buɗe dunƙulallun fayiloli, ku nuna wa Device Manager foldar. Idan katin Wi-Fi ya ƙi duk wannan, ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB da ake sayarwa a titin Otigba na Computer Village ya fi arha a kan yinin da za a ɓata.

Komawa Windows 7 saboda direbobinta sun fi sauƙin samu ba shawara ce mai kyau ba ga injin da ke shiga intanet, domin Microsoft ta daina ba ta kariya tun 14 ga Janairu 2020. Tallafin Windows 10 na yau da kullum shi ma ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa sabuwa, abin da waɗannan injina ba su da shi. Wanda aikinsa bai wuce rubutu, lissafi da intanet ba zai iya gwada Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, wadda yawancin direbobinta ke cikinta tun asali, kuma ana iya tayar da ita daga filashi a gwada sauti da Wi-Fi ba tare da an goge komai ba. Katunan Broadcom ne kan nemi ƙarin mataki a can, ta manhajar Driver Manager.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya buɗe Device Manager a kwamfutarsa ko ta aji, ya shiga Network adapters, ya kwafe layin Hardware Ids na katin Wi-Fi da na ramin igiyar intanet a littafinsa, ya rubuta sunan kamfanin kowanne a gefe ta amfani da lambobin da aka bayar a sama. A zo aji na gaba da littafin, da filashi wanda bai gaza gigabait 8 ba.