Darasi na 6: Kafireto da Hanyar Iska a Tsohon Babur

Babur abu biyu yake sha: mai da iska. Kafireto shi ne ƙwaryar da ake dama su kafin su shiga inji. Iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. In aka auna nauyi, kashi 1 na fetur yana son iska wajen kashi 15. Idan mai ya yi yawa, babur ya riƙa baƙin hayaƙi yana zuƙe maka aljihu. Idan iska ta yi yawa, inji ya ɗau zafi.

Mu nan Garwa da Marwa, abu biyu ne ke kashe kafireto. Na farko ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Na biyu man kwalba na bakin titi, wato zuwa-zuwa. Ba a ce duka gurɓatacce ba ne, amma ya bi jarkoki da yawa kafin ya iso gare ka, kuma kowace jarka da guntun dattinta. Ka ɗaga kwalbar ka duba ta a rana. In ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa, ruwa ne ko laka. Ka sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari kafin a zuba maka.

Fara da fulogi

Kada ka yi saurin taɓa kafireto. Kwance fulogi tukuna, wanda wasu ke kira buji, ka dubi bakinsa. In ya yi kalar ƙasa-ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, haɗin ya yi daidai. In ya yi baƙi da kunkunniya kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai, kuma wannan ya fi haɗari.

Sai matatar iska

Wata rana wani ɗan kilando, wato mai haya da babur, ya turo babur ɗinsa garejin da na koyi aiki. Ya ce, "Baba, moton nan ya ƙi ja, a sa mini sabon kafireto." Maigidana bai ce komai ba. Ya buɗe akwatin matata, sai ga shi wayam, babu soson da ke tace iska. Ya zura yatsa cikin wuyan roba, ya fito da shi ja wur da ƙasa.

"Ina soson, yaro?"

"Na cire, Baba. An ce in babu shi moto ya fi gudu."

"Ƙara ya fi yi. Gudun kuwa ga shi ka zo da shi a ture."

Ƙurar nan ta riga ta cinye ringin fistin. Kuɗin da ya kashe wajen gyara ya isa sayen soso ba adadi. Ƙasa in ta shiga inji, aikin sanfefa take yi.

Soso ana wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu. A matse shi a tafin hannu, kada a murɗe, don yana yagewa. A bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, a sake matsewa. Man ne ke kama ƙura. In matatar ta takarda ce, ba ta son ruwa kuma ba ta son mai. A kakkaɓe ta, in ta gaji a sauya.

Duba kuma wuyan robar da ke tsakanin kafireto da inji. A tsohon babur zafi kan tsattsaga shi. Lanƙwasa shi ka gani. In ya tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, sai ka ji inji ya ƙi sauka bayan ka saki totur.

Wanke kafireto

Rufe famfon mai. Yi nesa da wuta da mai shan taba. Shimfiɗa farin buhu ko faranti, domin ƙananan kayan ciki in suka faɗa cikin rairayi sai dai haƙuri. Kwance kofin da ke ƙasa, a nan ruwa da laka ke taruwa. Za ka ga wasu ƙananan notina biyu na tagulla masu huda a tsakiya, su ne jet. Ƙaramin yana ba da mai lokacin da babur ke tsaye yana silo. Babban yana aiki in ka murɗe totur sosai. Wanke su da fetur mai kyau, ka hura da famfon taya, ka ɗaga sama har ka hango haske ta cikin hudar. Kada ka soka musu allura ko waya. Tagulla tana da taushi. Hudar na buɗewa, babur ya zama mashayi har abada.

Saiti da sauye-sauye

Akwai ɗan sukuru na haɗin mai da iska a gefe. Ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, sannan ka dawo da shi zagaye 1 da rabi. Daga nan ake farawa. Bari inji ya yi ɗumi, ka riƙa juyawa kwata-kwatan zagaye, kana saurare, har ka ji inda sautin ya fi daidaita.

Allurar da ke cikin kafireto a babura da yawa tana da gaɓa 5, da ɗan kilif da ke riƙe ta. In ka saukar da kilif ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. In ka kai shi sama, mai ya ragu. Masu son tsimin mai kan kai shi can ƙoli. A zafin Afrilu na Garwa, da ke wuce digiri 40, wannan neman magana ne da inji. Gaɓa ɗaya ake matsawa, a yi tafiya, a sake duba fulogi.

Wanda ya ɗauki babur daga Garwa ya koma Ngaundere ya sani ya hau tudu na sama da mita 1,000. Iskar can ba ta kai ta nan kauri ba, don haka fulogi zai iya yin baƙi ko da ba a taɓa komai ba.

Aikin wannan mako: kwance fulogin babur ɗinka ko na maƙwabcinka, da izininsa. Rubuta kalar da ka gani a littafinka, da ranar da aka wanke soso na ƙarshe, ka zo da shi aji.