Yadda nake zaɓen ƙarfe marar tsatsa: 304, 316 da 'yan'uwansu

Tankin da ya koya mini hankali ba wani babba ba ne. Wani mai masana'anta ne ya ba ni aikinsa, zai riƙa haɗa ruwan gishiri mai ɗumi a ciki. Na ƙera shi da ƙarfe mai lamba 304, na goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a jikinsa. Ba a rufa shekara ba ya kira ni, wai tanki yana zufa. Da na leƙa ciki da tocila sai ga 'yan ramuka kamar tsinin allura, yawancinsu a gindi da gefen layin walda. Na cusa siririyar waya a ɗaya, ashe bakin ne kawai ƙarami, ciki ya riga ya yi kogo. Mutumin ya faɗa mini gishiri zai zuba, ni ne na ji na wuce, don na sakankance da sunan nan na “marar tsatsa”.

Abin da ke kare wannan ƙarfe wata 'yar fata ce da ido ba ya gani. Idan sinadarin kuromiyom ya kai kashi 10.5 cikin ɗari a jikin ƙarfe, yakan haɗu da oksijin na iska ya yi wannan fatar, in an karce ta kuma ta sake toho da kanta muddin iska na kaiwa gare ta. Dangin da nake magana a kansu, masu lambar ɗari uku da wani abu, an ƙara musu nikel. Nikel ɗin ne ke sauya tsarin ƙwayoyin ƙarfen zuwa wanda masana ke kira ostenait, shi ya sa yake lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba, yake karɓar walda, kuma maganaɗisu bai cika kama shi ba. Uban gidan shi ne 304, kuromiyom kashi 18, nikel kashi 8. Wannan ce ma'anar 18/8 da kake gani a bayan cokali. Kamfanin Krupp na Jamus ne ya yi rajistar irinsa a 1912, aikin Eduard Maurer da Benno Strauss. Idan tsohon zanen injin Jamus ya faɗo hannunka ka ga an rubuta V2A, dangin 304 ake nufi, V4A kuwa dangin 316. A takardun Turai na yanzu 304 shi ne 1.4301, 316 shi ne 1.4401.

Tun daga wancan tanki, ba na buɗe baki in faɗi lamba sai na san abin da zai taɓa ƙarfen. Babban abokin gabar fatar nan kuloraid ne, sinadarin da ke cikin gishiri, ruwan teku da zufar mutum. Bilic ma ɗan gidansu ne. Yakan huda fatar a wuri guda, ya yi ta ci a ƙasa alhali sama na ƙyalli. Ga ruwan sha na yau da kullum, wanda kuloraid ɗinsa bai wuce miligiram 200 a lita ba, 304 ya wadatar. Shi ake yin kwamin wanke-wanke, tankunan madara, bututun masana'antun lemo, teburan asibiti da ƙofofin lifta. In kuloraid ya haura haka, har wajen miligiram 1,000, sai a koma 316, wanda aka zuba wa molibdenom kashi 2 zuwa 3, nikel ɗinsa kuma ya tashi zuwa tsakanin 10 da 14. Masana'antun magani, na sinadarai da gine-ginen da iskar teku ke bugawa, 316 suka fi nema.

Sai dai kada sunan “ƙarfen teku” da 'yan kasuwa ke yi wa 316 ya ruɗe ka. Ruwan teku yana ɗauke da kuloraid wajen miligiram 19,000 a lita. Feshinsa da ruwan sama ke wankewa daban, nutsewa a cikinsa daban. Ka bar 316 a ruwan teku mai kwanciya, zai rube ta ƙarƙashin zoben da ake sa wa noti, ta cikin zaren noti, ta duk wani lungu da iska ba ta shiga. A nan ko 904L, mai nikel wajen kashi 25 da molibdenom 4 zuwa 5, bai cika isa ba, sai masu molibdenom kashi 6, ko a bar dangin gaba ɗaya a nemi sufa dufleks, na sama a wani dangin marar tsatsa daban da ake kira dufleks. Akwai ɗan lissafi da nake yi a bayan takarda in ina kwatanta biyu: kason kuromiyom, a tara da molibdenom sau 3.3, a tara da naitirojin sau 16. Na 304 yana faɗowa wajen 18 ko 19, na 316 wajen 24. Wanda ake so ya zauna a teku ana neman 40.

Daga nan sai zafi. Idan kuloraid ya haɗu da zafin da ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfen kuma yana cikin ja, abin da ke biyowa ya fi rami muni: tsaga ce siririya mai rassa kamar jijiyar ganye, ba ta ba da sanarwa. 316 ma bai tsira daga wannan ba. Na sha ganinta a bututun ruwan zafi da aka naɗe da abin rufi, ruwa ya jiƙa rufin, gishirin ya taru a ƙarƙashi. Wani wurin ma ba sai an kai digiri 60 ba. A 1985 rufin wani wurin ninƙaya ya rufto a garin Uster na Suwizalan, mutum 12 suka rasu, domin sandunan ƙarfe marar tsatsa da ke riƙe da shi sun tsattsage a cikin iskar nan mai kulorin. Duk abin da zai ɗauki nauyi a saman ruwan ninƙaya na cikin gini, 304 da 316 ba su da gurbi a wurin.

Zafin wuta kuma nasa hukuncin daban. Tsakanin digiri 450 zuwa 850, kabon ɗin da ke cikin ƙarfen yakan kama kuromiyom ya ja shi zuwa iyakokin ƙwayoyi, sai gefen kowace ƙwaya ya zama tsirara. Walda tana ratsa wannan zangon dole, shi ya sa wani lokaci za ka ga layin tsatsa ya bi gefen walda, ɗan nesa kaɗan da ita, kamar an ja shi da rula. Maganinsa harafin L. 304L da 316L kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 ba, na 304 zalla kuwa yana iya kaiwa 0.07 ko 0.08. In za ka yi walda a ƙarfe mai kauri, nemi mai L ka huta. Yawancin fallayen da ake sayarwa yanzu ma lamba biyu ake buga musu, 304/304L. Idan kuwa kayan a cikin wannan zafin za su yi rayuwarsu, kamar bututun hayaƙin inji, to 321 mai taitaniyom ko 347 mai niyobiyom, waɗanda ke riga kuromiyom cafke kabon. Cikin tanderu, inda ake dosar digiri 1,000 zuwa sama, aikin 310S ne, kuromiyom 25, nikel 20.

Ta ɓangaren sanyi ba ni da dogon bayani, don nan ne dangin suka fi kowa. Baƙin ƙarfe yakan yi gautsi a tsananin sanyi ya fashe kamar gilashi. 304L kuwa yana riƙe taurinsa a bututun gas ɗin da aka mayar ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili, har da naitirojin mai ruwa a 196 ƙasa da sifili.

Akwai biyu da nake gargaɗin yarana a kansu. 303 an ƙara masa farar wuta don ya yi daɗin sassaƙa a injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, to amma walda tana tsaga shi, tsatsa ma ta fi saurin kama shi. Sandar 303 da ta 304 kuwa in ka ajiye su tare, ko wanda ya sayo su ba zai bambance ba, don haka ranar da kaya suka iso ake shafa musu fenti a kai. 301 shi kuma nikel ɗinsa ya ɗan yi ƙasa, yana taurara da sauri in an matse shi, abin da ya sa ake yin sifirin da jikin taragon jirgin ƙasa da shi.

To ta yaya za ka san abin da aka miƙo maka? Mutane suna son gwajin maganaɗisu, ni ma ina da ɗaya a aljihu, amma abin da yake faɗa kaɗan ne. In ya manne da ƙarfi a tsakiyar falle, wataƙila 430 ne, marar nikel. In bai kama ba, bai ce maka 304 ba ne, domin 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis, shi ma ba ya kamawa, ga shi ba ya jure abin da 304 ke jurewa. Sannan 304 na gaskiya yakan ɗan ja maganaɗisu a inda aka lanƙwasa shi ko aka buga. Gwada a kusurwar kwamin wanke-wanke ka gani. Abin dogaro shi ne lambar narki da ke jikin fallen, wato lambar da masana'anta ke ba kowane zubin ƙarfe, ta yi daidai da ta takardar shaidar masana'anta, wadda ake kira 3.1. In aikin babba ne a kawo na'urar XRF ta hannu, mai gano sinadaran da ke cikin ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi za ta nuna maka ko akwai molibdenom. Kabon ne ba ta gani, saboda haka ba za ta raba maka 316 da 316L ba. A kan kusoshi masu zare duba hatimi: A2 dangin 304, A4 dangin 316.

Yanzu ka sayi na ƙwarai. Saura kada ka ɓata shi da hannunka, don rabin tsatsar da ake kira na in duba, a wurin ƙira aka shuka ta. Burushin waya ko dutsen guga da ya taɓa baƙin ƙarfe, in ya hau marar tsatsa, yakan dasa masa ƙananan ɓarɓashi. Raɓa ɗaya ta sauka, gobe ka ga jajayen ɗigo ko'ina, mai kaya ya ce an cuce shi. Ni kayan aikin marar tsatsa akwatinsu daban, teburin ma ina shimfiɗa masa katako, kuma ba a yanka baƙin ƙarfe kusa da shi inda tartsatsi zai kai.

Wajen huda, rage gudun inji, danna da ƙarfi, zuba mai. Wannan ƙarfe yana taurara a duk inda aka murje shi. Ka bar bakin huda yana juyawa a wuri ɗaya yana shafa ba ya ci, cikin ɗan lokaci wurin zai yi tauri, bakin ya yi shuɗi ya mutu, sabon da za ka sa ma ya bi shi. In ka ga ɓawon yana fita dogo yana naɗewa, hannunka ya yi daidai. In gari yake fita, tsaya.

Walda ita ce ke bambanta gwani da ɗan koyo. Ƙarfen nan yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi, yana kuma watsa zafin da kamar kashi ɗaya cikin uku na saurinsa. Zafi ke nan yana taruwa a wuri guda, falle ya murɗe ya zama faranti. Sai ka yawaita ɗigon kamu kafin ka ja layi, ka rage wuta, ka yi gajerun layuka kana tsallakawa, ka bar wurin ya huce ƙasa da digiri 150 kafin ka sake bi. Wayar walda kuma kowanne da tasa: 308L ga 304, 316L ga 316, 309L in za ka haɗa marar tsatsa da baƙin ƙarfe. 321 da wayar 347 ake yi masa, don taitaniyom yakan ƙone a cikin wutar kafin ya isa. In bututu ne, toshe bakunansa ka cika cikinsa da iskar agon tukuna. Wanda ya yi ƙyuya ya tsallake wannan, in ya yanka bututun zai tarar bayan waldar ya yi baƙi ya yi ƙuraje kamar ƙonannen sukari, kuma daga nan ruɓa za ta fara. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne, akwai nau'in kuromiyom mai jawo kansar huhu a cikinsa. A sa abin zuƙe hayaƙi da takunkumi na gaske.

Launin nan na ruwan zinariya da shuɗi da ke fitowa gefen walda, wanda samari ke ɗauka hoto, ni aiki nake gani da bai ƙare ba. A ƙarƙashinsa kuromiyom ya ragu. Ana cire shi da man tsabtace walda, wanda ke ɗauke da asid ɗin naitirik da na haidirofulorik, ko da na'urar gogewa ta lantarki. Asid ɗin haidirofulorik ɗin nan yana ratsa fata ya kai ƙashi, wani lokaci ba za ka ji zafin ba sai bayan sa'o'i, don haka safar hannu mai kauri da kariyar fuska dole ne. A wanke da ruwa mai yawa, a bar shi ya sha iska. Wurin tsabtace shi daga baya kuma a nisanta shi da bilic da soson ƙarfe.

Noti da ƙusarsa in duk na marar tsatsa ne, shafa musu man hana kamewa ka ɗaura a hankali da hannu. In ka sa injin ɗauri ya yi gudu, zaren zai ci juna ya like tun bai kai ƙarshe ba, ba gaba ba baya, sai dai zarto.

Shi kuwa wancan tanki, ban yi masa faci ba, don ramin da ka toshe yau ƙaninsa na nan tafe. Na zauna da mai shi muka auna gishirin da zafin ruwan, muka ga ko 316L ba zai daɗe ba. Da dufleks 2205 na sake ƙera shi, na karkata gindinsa zuwa magudana yadda ruwa ba zai kwana a ciki ba, na kuma cika duk wani lungu na ciki da walda na goge shi sumul. Tsohon na yanko wani yanki daga gindinsa mai faɗin tafin hannu, yana rataye kusa da injin walda. Duk sabon yaro da ya zo koyon aiki, nakan miƙa masa shi da siririyar waya in ce ya nemo mini ramin.